Babunaj, Ataya da Barcin Matasan Daura

Ƙannena maza da mata, na cikin birnin Daura da na Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu, maganar barci ce ta kawo ni. Zan biyo da ita ta kan wani ɗan fure da ake jiƙawa a ruwan zafi a sha, wanda ake kira babunaj, ko kamomil a bakin masu sayar da na kwali. Sunansa ya fara yawo a wayoyinku da shagunan maganin Musulunci, kuma ana yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Ni mai son furen nan ne, ina shan sa, ina kuma so ku sha. Sai dai ina so ku sha shi da sani, don abin da aka ɗora wa nauyin da ba nasa ba, ranar da ya gaza akan yar da shi gaba ɗaya, har da ɗan amfanin da ke cikinsa.

Ku dubi yadda darenmu ya koma. Ana idar da isha'i majalisa ta haɗu, a hura gawayi, a ɗora 'yar buta. Mu mutanen bakin iyaka ne, daga Daura zuwa Kongolam ba nisa, kuma ataya ta daɗe da zama tamu kamar yadda take ta 'yan'uwanmu na Damagaram. Koren ganyen shayi ne na ƙasar Sin, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi kauri da ɗaci, a zabga sukari, a yi ta ɗaga buta ana tsiyayawa don kumfa ta taso. A sha na farko, a sha na biyu, a sha na uku. Ban raina majalisa ba. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, a nan wanda ransa ya ɓaci yake samun mai ba shi haƙuri. Amma idan aka watse wajen sha biyun dare, kowa sai ya kwanta da waya a hannu, ido a bushe. Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Kwalejin Yusufu Bala Usman kuwa, da jarrabawa ta matso, sai a ƙara da gahawa da lemon gwangwani na ƙara kuzari. Kafin a farga ladan ya kira assalatu. Alhali masana barci sun ce wanda ke tsakanin shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kwana, baligi kuma aƙalla awa 7.

Abin da ke busar da idon sunansa kafeyin. Yana cikin ataya, yana cikin baƙin shayin mai shayi, yana cikin gahawa da goro. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, kuma taruwarsa ce ke sa ido ya yi nauyi da dare. Kafeyin yakan je ya tare gurbin da adenosin ke sauka, sai gajiyar ta kasance tana nan a jiki amma ƙwaƙwalwa ba ta samu saƙonta ba. Kuma ba ya saurin fita. A jikin yawancin mutane sai an yi kamar awa biyar kafin rabinsa ya tafi. Wanda ya sha ataya ƙarfe goman dare, ƙarfe uku na dare rabin abin yana yawo a jininsa. A 2013 wasu masu bincike a Detroit ta Amurka sun ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa shida kafin su kwanta, sai barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya, kuma su kansu ba su ankara da yawan asarar ba. Wannan rashin ankarar ce ke damuna. Saurayi zai rantse maka shi ataya ba ta hana shi barci, alhali da rana yana gyangyaɗi a kan babur.

Daga nan hanya takan rabu. Wani zai daure ya ci gaba da yini da ciwon kai da saurin fushi. Wani kuma abokinsa zai raɗa masa cewa akwai 'yar ƙwaya a kemis, ɗaya tak, ka kwanta sai safe. Haka diyazefam da danginsa ke shiga rayuwar yaron kirki wanda bai taɓa tunanin zama ɗan ƙwaya ba. Barci kawai yake nema. Da safe jiki ya mutu, sai a ce ga tiramol ya tashe ka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 2.4 daga ciki maganin tari suke sha ba don tari ba. Kun tuna a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya tona yadda yake cin matasa. An rufe ƙofa ɗaya, amma rashin barci da damuwar da ke tura yara neman sauƙi suna nan inda suke.

To, a nan ne babunaj ke da gurbi.

Ɗan fure ne ƙarami, tsakiyarsa rawaya, gefensa fararen 'yan ganyaye, ƙamshinsa na ɗiban na tuffa. Dangin shuwaka ne da tazargade, ko da yake ɗacinsa bai kai nasu ba. Ba ya cikin amfanin gonarmu, domin tsiro ne mai son sanyi. Asalinsa Turai da yammacin Asiya, kuma Misira na cikin manyan masu fitar da shi zuwa duniya, inda ake noma shi da hunturu a yankunan Fayyum da Bani Suwaif, a tsinki furen a shanya a inuwa. Likitocin Girka na dā sun san shi, Ibn Sina wanda ya rasu a 1037 ya kawo shi a littafinsa na likitanci, haka ma Ibn al-Baiɗar na Andalus, masanin tsirrai. Ku lura da wannan: ilimin babunaj ilimin likitoci ne, na gwaji da lura. Ganin sa a kanta ɗaya da zuma da habbatus sauda bai sa ya zama abin da ba a tuhumar sa ba. Kuna da ikon tambayar mai shago hujja, kuma tambayar ba rashin ladabi ba ce ga addini.

Me aka tabbatar a kansa? Na farko, babu kafeyin a cikinsa ko kaɗan. Na biyu, yana ɗauke da wani sinadari, afijenin, wanda a gwajin ɗakin bincike aka ga yana maƙalewa a gurbin da diyazefam ke sauka a ƙwaƙwalwa, sai dai da rauni sosai. Akwai kuma wani mai a cikin furen, wanda idan aka tace shi yake fitowa shuɗi, kuma shi ake dangantawa da rage kumburi. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen a matsayin maganin gargajiya na ƙananan larurori: kumburin ciki da ɗan murɗawarsa, alamomin mura, ƙananan gyambuna da kumburin baki da maƙogwaro, da ɗan ƙaiƙayi ko jan fata. Ku duba jerin nan da kyau, duka ƙananan abubuwa ne.

A kan damuwa da faɗuwar gaba, likitoci a Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji a 2009 da mutum 57 masu matsakaiciyar damuwa. Rabi aka ba su kafso na tataccen babunaj, rabi aka ba su kafson da babu magani a ciki, ba wanda ya san wanne ya samu. Bayan mako takwas, masu babunaj sun fi samun sauƙi. A 2016 suka sake da mutum 179, miligiram 1,500 a rana. Alamomin damuwar sun ragu, amma furen bai nuna ƙarfin hana ciwon dawowa ba. Kuma kada ku manta, tataccen sinadari ne aka auna aka zuba a kafso, wanda ya fi abin da ke cikin kofi ɗaya nesa ba kusa ba.

A kan barcin kansa, sakamakon ya cakuɗe, kuma gara in faɗa muku yadda yake. A Taiwan an ba masu jego shayin babunaj na mako biyu, cikin gwajin mata 80, sai waɗanda suka sha suka fi samun sauƙin gajiyar rashin barci da ƙuncin rai. Da aka dawo bayan mako huɗu, bambancin ya ɓace. A Jami'ar Michigan kuwa, a 2011, an gwada shi a kan mutum 34 masu daɗaɗɗen rashin barci har kwana 28, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne babunaj kamar mafici ne a daren bazara: yana rage zafi, ba ya saukar da damina. Wanda barcinsa ya ɗan rikice saboda gajiya da tunani zai iya jin daɗinsa. Wanda ya yi wata da watanni ba ya barci, abin da ke damunsa ya wuce jiƙon fure.

Za ku ji ana cewa yana maganin ciwon suga. Tushen maganar wani gwaji ne a Tabriz ta Iran, inda mutum 64 masu ciwon suga suka shiga, rabinsu suna shan sa sau uku a rana bayan cin abinci har mako takwas, aka ga awonsu ya ɗan gyaru. Gwaji ne ƙarami, kuma ba a kan barin maganin asibiti aka yi shi ba. Don haka idan kun ji mai lasifika a kasuwar Mai'aduwa ko wani a Facebook yana jero suga, hawan jini, olsa, daji da rashin haihuwa a kan kwali ɗaya, ku riƙe kuɗinku. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro mai son iyayensa ya sayo wa Baba ko Inna, da kyakkyawar niyya, ya ce su ajiye ƙwayoyin asibiti. Kada ku yi wannan. Ku sayo musu idan kuna so, amma a tambayi likitansu, kuma maganinsu ya ci gaba.

Ni a ganina babban amfanin babunaj ga matashin Daura yana cikin abin da yake turewa gefe. Kofin babunaj ƙarfe tara na dare yana nufin ba a sha ataya ƙarfe tara ba. Haɗa shi yana bukatar ka tashi, ka ajiye waya, ka jira mintoci goma. Idan jiki ya saba da wannan tsari dare bayan dare, da ya ji ƙamshin sai ya fara shirin kwanciya. Wani zai ce ai ashe ba furen ba ne ke aikin. Ni ban damu da raba ladan ba, tunda barcin ya samu kuma ba a ci bashin lafiya ba. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i sai ta alheri ko ta bukata. Ban ce ku rushe majalisa ba. Ku jawo atayar zuwa bayan azahar ko la'asar sakaliya, ku bar ta dare ta zama gajera, butar kuma ta ɗauki abin da ba shi da kafeyin.

Haɗa shi daban ne da haɗa ataya, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata shi. Ba a dafa babunaj. A tafasa ruwa a sauke, a zuba a kan cikin babban cokali ɗaya na busasshen fure, wato kamar giram biyu zuwa uku, ko 'yar jaka ɗaya ta kwali. A rufe kofin da faranti. Rufewar nan ba ado ba ce, man furen yana bin tururi ya gudu idan aka bar shi a buɗe. Bayan minti biyar zuwa goma a tace a sha da ɗumi. A sa zuma kaɗan idan ana so, amma kada a narka masa sukari irin na ataya, don sai a gyara gefe ɗaya a ɓata ɗaya. A sha shi kamar awa guda kafin kwanciya, kada fitsari ya tashe ku tsakar dare. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shaƙe mana maƙogwaro, ana iya kurkure baki da shi bayan ya huce, ko a yi siracensa don mura. 'Yan mata da yawa suna jin sauƙin ciwon mara da shi lokacin al'ada, ba laifi a gwada, amma ciwon da ke hana ki tashi ko zubar jini mai yawa na asibiti ne, ƙanwata, kada kunya ta hana ki faɗa.

Wajen saye, ku buɗe ido. Idan na awo ne, ku nemi wanda furanninsa ke nan ɗai-ɗai, launinsu da haske, ƙamshinsu na tashi. Wanda ya koma gari, ya dushe, ko yake warin ruma, ku bar shi. Idan na kwali ne, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ajiye shi a kwalba mai murfi nesa da rana. Tun da daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa na iya yi wa ɗalibi nauyi, kuma ba na so wani ya ɗauka barcinsa ya rataya a kan kayan Misira. Na'a-na'a da doddoya da 'yar citta duk ba su da kafeyin, kuma suna nan a kasuwarmu. Ga zoɓonmu ma, wanda ake lodawa daga Jigawa da Katsina da Kano har Meziko. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun yi gwaji da mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo a rana har mako shida awon jininsu na sama ya sauka da kamar maki bakwai. Muna da hali na ɗaukaka abin da ya zo a kwali mu raina wanda ke shanye a tsakar gidanmu.

Yanzu ga waɗanda ya kamata su yi hattara, kuma a nan nake roƙon ku nutsu. Wanda furanni ke tayar masa da atishawa, borin jini ko asma, ya fara da kurɓi kaɗan ko ya haƙura, domin an samu waɗanda babunaj ya kumbura musu fuska da maƙogwaro har numfashi ya yi wuya. Idan haka ta faru, asibiti kai tsaye. Kada a wanke ido da shi ko da ƙurar hunturu ta sa ya yi ja, yana iya ƙara masa ƙaiƙayi da kumburi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya nisance shi sai da izinin likita: a 2006 likitoci a Montreal ta Kanada sun ba da rahoton wata dattijuwa mai shekara 70 da ke shan warfarin, ta riƙa shan kofi huɗu zuwa biyar na babunaj a rana, sai jini ya ɓalle mata a ciki. Wanda za a yi wa tiyata ya sanar da likita yana shan sa. Mai juna biyu ta tambaya a wajen awo kafin ta mai da shi na kullum. Jarirai kuwa, ku da za ku zama iyaye gobe ku riƙe wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba dauri, ba babunaj, ko da an ce yana kwantar da ciwon ciki. Zuma ma ba a ba yaron da bai cika shekara ba.

Saura maganar da ta fi kowace nauyi. A cikinku akwai wanda ya riga ya saba da ƙwayar barci, ba ya iya runtsawa sai da ita. Ɗan'uwana, ban zo in tsine maka ba, na san ba da niyyar lalacewa ka fara ba. Amma kada ka karanta wannan ka zubar da ƙwayoyin yau ka ce babunaj zai maye gurbinsu. Wanda jikinsa ya saba da diyazefam, idan ya yanke lokaci guda yana iya kamuwa da rawar jiki, firgita, har da farfaɗiya. Rage shi ake yi a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Haka nan wanda ya kai wata guda barci na gagarar sa, ko yake farkawa tsakar dare zuciya na bugu, ko baƙin ciki ya rufe shi har abinci da sallah da mutane suka fita ransa, ko yake jin gara ya mutu, wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, kuma yana da magani. A fara da babban asibitin gwamnati da ke Daura. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Ku kuma abokansa na majalisa, kun fi iyayensa sanin halin da yake ciki, don ku kuke ganin idonsa da jin yadda harshensa ke nauyi. Kada ku mai da shi abin tsokana, kada kuma ku rufa masa asirin da zai kashe shi. Ɗaya daga cikinku ya keɓe da shi ya yi masa magana a hankali. Idan ya yarda, ku raka shi, ku tsaya da shi a layin yankar kati, ku tafi da kwalin duk abin da yake sha, na kemis da na gargajiya, likita ya gani da idonsa.